Yadda Na Haɗa Wutsiyar Jirgin Sama a Garejina na Agege

Gidana a Agege yake, ba nisa da filin jirgin saman Murtala Muhammed, don haka tun asuba rugugin jirage ke wucewa ta kanmu. Sana'ata gyaran injinan sanyi ce, irin na ɗakunan ajiyar kifi da nama. Jirgin da nake haɗawa a gareji ƙarami ne mai kujera biyu, samfurin RV-7 na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon a Amurka. Su suke yanka alminiyam ɗin, su lanƙwasa, su huda, su turo maka a akwatin katako tare da zane da littafin umarni, kai kuma ka haɗa da hannunka. Wata goma sha ɗaya na yi a kan wutsiya kaɗai, ina yi da yamma da ranakun Lahadi. 'Yan'uwa da dama sun tambaye ni yadda ake yi, wasu a ƙofar masallaci, wasu ta waya, sai na ga gara in rubuta a wuri ɗaya.

Wanda yake ganin wannan ba aikin hannun ɗan Najeriya ba ne, ya nemi tsofaffin sojojin sama na Kaduna su ba shi labarin Air Beetle. Jirgin koyon tuƙi ne da aka haɗa guda 60 a Kaduna, kuma asalinsa RV-6A ne, wato yayan wannan da ke garejina.

Wutsiya sassa huɗu ce. Akwai fiffiken kwance da fiffiken tsaye, waɗanda ba sa motsi, aikinsu su hana jirgi tangaɗi. A bayan na tsayen akwai ƙyaure mai lilo a kan hinji, matuƙa na kiransa rada, da ƙafa ake sarrafa shi, shi ke karkata hancin jirgi dama ko hagu. A bayan na kwancen akwai ƙyaure biyu, elibeta, su ke ɗaga hanci ko sunkuyar da shi. Kowane sashe gininsa iri ɗaya ne: azara doguwa da ke ɗaukar nauyi, haƙarƙari da ke ba shi siffa, sai fata, wato siririn falankin alminiyam, da ke rufe su. Da wutsiya ake farawa domin ita ce mafi arha a cikin akwatunan, sassanta ƙanana ne, kuma duk dabarar da za ka buƙata a fukafukai da gangar jiki tana cikinta. In ka ɓata abu a nan, asarar mai sauƙi ce.

Kafin ka biya kuɗin komai, ka je hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, sashen da ke duba lafiyar jirage, ka faɗa musu abin da kake niyya, ka ji sharuɗɗansu daga bakinsu. Sannan ka buɗe littafi tun ranar farko: kwanan wata, abin da ka yi, awa nawa, da hoto. Sashen da ka riga ka rufe da fata ba mai iya leƙa cikinsa, hoton nan ne shaidarka.

Kayan aiki za su ci maka kuɗi kusan kamar wutsiyar kanta. Kana buƙatar kwamfuresa, injin huda mai aiki da iska, bindigar ribit (ribit 'yar ƙusar alminiyam ce da ake bugawa ta haɗe ƙarfe biyu), ƙarfen tokara, awartakin matsa ribit, bakunan lotsa huda, magagari, da kiliko masu yawa. Kiliko ɗan maƙali ne mai sifirin da ake cusawa a huda ya riƙe ƙarfe biyu na wucin gadi. Mai launin azurfa na hudar 3/32 na inci ne, mai launin jan ƙarfe na 1/8. Na fara da ɗari biyu, kafin in gama fiffiken kwance sai da na ƙara. Ka zaɓi kayan iska a kan na lantarki in daga Amurka za ka sayo, domin nasu na wuta 110 ne, namu 230. Kwamfuresa da bais da teburi kuwa duk ana samu a nan Legas. Abin da ba na yarda a saya a kasuwa shi ne ribit da alminiyam. Ribit ɗin da masu tagar alminiyam ke ja da hannu, ko falankin da za ka gani a kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin, ba ka san haɗinsu ba, kuma ba su da gurbi a jikin abin da zai ɗauki rai. Bakin huda ma ka yi hattara. Zanen yana kiran lamba 40 da lamba 30, namu na kasuwa kuwa milimita ne. Milimita 2.5 kusan daidai yake da lamba 40, amma lamba 30 tana tsakanin 3.2 da 3.3, don haka ka yi odar na ainihi dozin guda ka huta.

Kada ka taɓa sassan jirgin tukuna. Ka samu guntayen alminiyam ka buga ribit ɗari biyu ko uku a kansu, ka cire, ka sake bugawa. Kamfanin ma yana sayar da ɗan akwatin kayan aiki da ake haɗawa don koyo. Ni da shi na fara, har yanzu a ciki nake ajiye bakunan huda.

Yanzu ga asalin aikin, kuma a nan nake so ka tsaya ka karanta da kyau. Mutane suna zaton haɗa jirgi buga ribit ne. Bugun ribit daƙiƙa biyu ne. Abin da ke cin lokaci, kuma wanda ke yanke hukuncin ko jirgin zai daɗe, shi ne shirya hudar da ribit ɗin zai zauna a ciki.

Da farko ka gyara haƙarƙari. Daga injin da ya buga su suke fitowa da ɗan lanƙwasa kamar ayaba. Akwai awartaki na musamman da ke yin ɗan kwari a leɓen haƙarƙarin, tsakanin huda da huda, ya ja shi ya miƙe. Ka ɗora a kan shimfiɗaɗɗen teburi ka gani ko ya kwanta, sannan ka tabbata leɓen ya tsaya daidai da yadda fata za ta hau. Daga nan ka goge kowane gefe na kowane sashe. Duk inda aka yanka ƙarfe akwai ƙananan tsaga da ido ba ya gani, kuma jirgi abu ne mai jijjiga awa bayan awa. Tsagar da ba ta kai gashi ba yau, ita ce ke tafiya a hankali har ta zama karaya. Magagari tukuna, sannan soson Scotch-Brite. Gwajin da nake yi shi ne in bi gefen da farce, in ya kama ko kaɗan, ban gama ba. Kwanar ciki, inda leɓe biyu suka haɗu, ita ce ta fi buƙatar kulawa, ita ce kuma aka fi tsallakewa don wuyar kaiwa. A shekarar 2014 kamfanin ya fitar da sanarwa ga masu RV-6 da RV-7 da RV-8 cewa su duba azarar gaba ta fiffiken kwance saboda tsagewa da aka gani a irin wannan kwana. Tun da na karanta ta ban sake yi wa kwana gaggawa ba.

Sai ka haɗa ƙashin da kiliko, ka ɗora fata, ka sa kiliko a kowace huda ta biyu. Hudojin da suka zo daga masana'anta sun ɗan yi ƙanƙanta da gangan, kai ne za ka bi su da bakin huda ka kai su girman ƙarshe, fata da haƙarƙari a tare. Ka riƙe injin a miƙe sak. Ga dabarar da ta taimake ni: fatar tana ƙyalli kamar madubi, in bakin hudar da inuwarsa suka zama layi ɗaya, ka miƙe. Inda kai ne za ka fara huda da kanka, ka kiyaye tazara daga tsakiyar huda zuwa bakin ƙarfe, kada ta gaza kaurin ribit sau biyu. Ga ribit 1/8 wannan kwatar inci ce. Kafin ka warware, ka rubuta wa kowane sashe alama, dama ko hagu, sama ko ƙasa. Da alƙalamin maka mai tawada za ka rubuta. Fensir yana jawo tsatsa a alminiyam, ƙusa kuma tana barin zanen da zai zama mafarin tsaga.

Ka warware komai, ka bi kowace huda, gaba da baya, ka cire ƙayar da bakin huda ya bari. Juyi ɗaya ko biyu da hannu ya isa. In ka zurfafa, ka cinye ƙarfen da ribit zai kama. Hudojin sun yi yawa har hannu ya gaji, kuma babu wata gajeriyar hanya.

Ribit iri biyu za ka fi amfani da su. AN470 mai kan tulluwa ne, yana zama a cikin ƙashi inda iska ba ta bi. AN426 mai lafaffen kai ne, yana nutsewa daidai da fata, saboda haka dole a shirya masa gurbi. In ƙarfen siriri ne, kamar fatar fiffike mai kaurin 0.032 na inci, lotsa bakin hudar ake yi da bakuna biyu, namiji da mace. In mai kauri ne, kamar ƙarfen ƙarfafa azara, ƙwaƙule shi ake yi da bakin yanka mai keji wanda ke tsayar da zurfi. Kada ka ƙwaƙule siririn ƙarfe, gefen hudar zai koma kamar wuƙa. Wajen lotsawa kuwa, ka tabbata tsinin namijin ya shiga hudar kafin ka buga. Kowa da ya yi wannan aikin ya san zafin ganin sabuwar huda a gefen ta gaskiya.

A nan Legas ta shigo cikin maganar. Alminiyam ɗin nan, 2024-T3, an haɗa shi da jan ƙarfe kaɗan don ƙarfi, kuma wannan haɗin ne ke sa shi saurin lalacewa a danshi. Shi ya sa falankan suke zuwa da siririn shafe na tsantsar alminiyam a kowace fuska. Amma sassan da ba falanki ba, irin dogayen kusurwoyi, ba su da wannan shafen, haka gefen da aka yanka da cikin huda. Masu haɗa jirgi a busassun wurare suna gardama ko fentin kariya a ciki ya zama dole. Da a Kano ko Sakkwato nake, da na saurare su. A garin da iskar teku ke ɗauke da gishiri, damina kuma ta kama daga Afrilu har Oktoba, ban ga abin gardama ba. Na fesa wa duk abin da ke ciki. Tsatsar alminiyam ba ja ba ce kamar ta baƙin ƙarfe, farin gari ce mai kama da toka, kuma na gan ta da idona a kan wani guntu da na bari da shatin gumin yatsana mako uku kacal.

Ka goge da soson nan har ƙyallin ya dushe, ka wanke maiƙo, ka daina taɓawa da hannu tsirara, sannan ka fesa siririn shafi wanda kana iya hango ƙarfen ta ƙarƙashinsa. Fenti nauyi ne, nauyi a wutsiya kuma ya fi nauyi a ko'ina illa domin yana nesa da tsakiyar jirgi. Ka jira rana ta ɗaga, tsakanin hantsi da azahar, ban da safiyar da aka kwana ana ruwa. Ka sa abin rufe hanci mai tace guba, ƙyalle ba ya tare komai. Soson ƙarfe na wanke tukunya kada ya kusanci jirgin. Tankin kwamfuresa kuma ka zubar da ruwansa kullum, za ka yi mamakin abin da ke fitowa a watan Yuli. Shuɗiyar ledar da ke zuwa manne a fata daga masana'anta ma kada ka bar ta shekara, zafi na ƙara manne ta, danshi kuma na ɓuya a ƙarƙashinta. Ni da ƙarfen soda mai dakusasshen baki nake yanka ta a layin ribit, in na gama sashe in ɓare sauran.

Sai bugu. Tsawon ribit daidai shi ne wanda in ya ratsa ƙarafan zai leƙo da kaurinsa sau ɗaya da rabi. In an buga shi, ƙullin da ya yi a baya ya zama faɗinsa kaurin ribit sau ɗaya da rabi, tsayinsa rabin kauri. Akwai ɗan ma'auni na wannan, ka riƙa gwadawa har idonka ya haddace. Duk inda awartakin matsawa zai kai, kamar gefuna, yi da shi, ya fi tsafta kuma ba ƙara. Tsakiyar fata kuwa sai bindiga da ƙarfen tokara, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan ƙanena ne ke riƙe mini ƙarfen ta ciki. Mun yi yarjejeniya: ba na danna bindiga sai ya ce, “Na tokare, Baffa.” In na buga sai ya shafa da yatsa ya ce, “Ya yi,” ko “Ƙara kaɗan, Baffa.” Yaron yana aji biyar na sakandare, amma yatsansa ya riga ya fi idona gane ƙullin da ya karkace. Bindigata tana son iska kamar 35 a ma'auni ga ƙaramin ribit, ga babba nakan ƙara. Taka za ta iya bambanta, ka gwada a guntu kowace rana kafin ka hau jirgi. Ku sa abin toshe kunne ku biyun. Ni ba na bugu bayan sallar isha'i, haƙƙin maƙwabta ne.

Ribit zai ɓaci, wannan babu makawa. A tsakiyar kansa akwai ɗan ɗigo, alamar irin haɗinsa ce, kuma nan za ka kafa bakin huda. Ka huda zurfin kan kaɗai, ka cusa ɗan tsinken ƙarfe ka ɓalle kan, sannan ka tokare bayan ka fitar da jikin. Amma ka auna kafin ka cire. Ribit mai ɗan muni wanda ya cika awo ya fi hudar da aka faɗaɗa wajen gyara. Na koyi wannan a azarar baya ta fiffiken kwance. Wani ribit bai yi mini kyau a ido ba, na sa injin huda a gajiye bayan dogon yini a Apapa, bakin ya zame, hudar ta koma kamar ƙwai, kusa da maƙalin hinji. Wani abokina ya ce in buga babban ribit in rufe, ba mai gani. Na aika wa injiniyoyin kamfanin hoto da awo, na kuma yanke shawarar sauya sashen gaba ɗaya. Mako bakwai na jira kafin ya iso. Ban yi nadamar kwana ɗaya a ciki ba, domin ni da wani ɗan mutane ne za mu zauna a gaban wannan azarar. Ɓataccen yana rataye a bangon gareji.

Fiffiken tsaye ba shi da wahala, wasu ma da shi suke farawa. Rada ce ke gwada mutum. Fatarta 0.016 na inci ce, ƙasa da rabin milimita, yatsa ma na iya lotsa ta. 'Yan sandunan da ke ƙarfafa ta ta baya ake buga su: ka jera ribit a huda, ka manne kawunansu da tef, ka kife fatar a kan faffaɗan ƙarfe mai santsi, ka buga ta ciki. Sakamakon yana fitowa sumul. Sai dai kafin kowane bugu ka tabbata ƙarfen yana ƙarƙashin ribit ɗin da kake kai, domin in ka wuce bakinsa, fatar ta tafi. Gefen baya na rada, inda fatu biyu ke haɗuwa a kan siririn ƙarfe mai siffar weji, dole ya miƙe kamar zare. Na huda doguwar kusurwar ƙarfe, na manne gefen a kanta da kiliko da gam har ya kama, sannan na fara bugu daga tsakiya, rabi-rabi, ina tsallake huda, ina juyawa ɗaya fuskar. In ka bi su a jere daga wannan kai zuwa wancan, zai lanƙwashe. Gefen gaba kuma naɗe shi ake yi: ka manne bututu a bakin fatar da tef mai ƙarfi, ka murza a kan teburi kaɗan-kaɗan, ka ƙarasa da tafin hannu har leɓunan biyu su haɗu ba tare da ka ja su da ƙarfi ba.

Elibeta irin aikin rada ne, sai dai gefensu na baya lanƙwasawa ake yi tsakanin katako biyu masu hinji, kuma ta hagu tana da ɗan ƙaramin ƙyaure na daidaita tafiya wanda mutane da yawa ke yi sau biyu. A ƙahon gaba na kowace akwai dalma. Kada ka raina ta, kada ka rage ta don ka ga tana da nauyi. Ƙyauren da nauyinsa ya rinjaya baya yana iya kama karkarwa a cikin gudu, karkarwar da ke iya yage wutsiya cikin daƙiƙoƙi. Dalmar ce ke daidaita shi a kan hinji, kuma ba a yi mata awon ƙarshe sai bayan fentin waje, tunda fenti na ƙara nauyi a baya. Notuna kuma da sifana mai awo ake ɗaure su. Ƙaramin bolti AN3 tsakanin 20 da 25 kawai yake so a ma'aunin inci da fam, abin da hannun bakaniken mota zai wuce ba tare da ya ji ba. Ina ɗiga jan fenti a kan duk wanda na auna don kada in yi shakka daga baya.

Ranar da na rataya elibeta a jikin fiffiken kwance, na ɗaga su da yatsa ɗaya suka yi lilo ba gogayya, uwargida ta fito daga kicin ta tsaya tana kallo, ta ce, “Malam, ashe da gaske kake.” Na kwance su a daren, na goge shatin hannu, na naɗe kowanne da tsohon zanin gado na auduga, ban da leda don tana tara gumi. Suna rataye a rufin ɗakin baƙi, nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa, kuma duk farkon wata nakan sauke ɗaya in haska tocila ta hudojin azara in duba ko farin garin nan ya fito. Garejin na share shi, na ƙara wa teburin tsawo, domin azarar babban fiffiken jirgin ta fi duk abin da na taɓa ɗorawa a kansa tsayi.